Ciwon baya mai daɗewa: zama da shi ba tare da tramol ba

A rangadin da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, akwai abin da muke gani kusan a kowane ƙauye. Idan malami ya kira ɗalibi zuwa allo, sai magidanci ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, sannan ya miƙe a hankali yana riƙe da ƙugu. A cibiyoyin mata ma haka ne. Wata rana, bayan an tashi daga karatu, wani manomi ya fiddo katin ƙwayoyi daga aljihu, ya ce mana: "Mushe, yau na karanta lambar da ke jikinsa da kaina, 225 ce. Shekara huɗu ina shan shi saboda baya. Sau biyu ina bari, sau biyu ina komawa, don in na bari bayan ya fi da ciwo. Ƙaƙa zan yi?"

Mu ba likitoci ba ne, malamai ne. Amma tambayar ta mutane da yawa ce, shi ya sa muka kawo ta wannan shafi.

Mene ne tramol?

Sunansa na asali tramadol. A Jamus aka haɗa shi a 1962, aka fara sayar da shi a 1977. Danginsu ɗaya da morfin da kodin, wato magungunan da ke aiki irin na ofiyom. Ba ya gyara ƙashi, ba ya gyara tsoka, ba ya sauke kumburi. Aikinsa a ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya yake: yana danne saƙon zafi, mutum ya daina jinsa na wasu awoyi. Yana da ranarsa. Wanda aka yi wa aiki a asibiti, da wanda ya karye, da mai ciwon daji, da mai amosanin jini idan ciwonsa ya tashi, duk likita na iya rubuta musu shi ko wani ɗan uwansa, kuma kada su ji tsoron sha bisa ƙa'idar da aka ba su.

Ƙwayar da likita ya saba rubutawa miligram 50 ce, kuma babban mutum ba ya wuce miligram 400 a yini da kwana. Na bakin kasuwa da na masu yawo da tire a ka, ana samun mai 120, mai 200, mai 225, har mai 250. Ku yi lissafin da kuka koya: ƙwaya biyu masu 225 sun kama 450. Ke nan wanda ya sha ɗaya da safe, ya ƙara ɗaya da azahar, ya riga ya ƙetare iyaka. Galibinsu daga Indiya suke fitowa, su sauka a tashoshin jiragen ruwa na bakin teku, su hauro mana ta mota. A 2018 Indiya ta tsananta doka a kan tramadol. Bayan nan sai wasu ƙwayoyin suka bayyana a Afirka ta Yamma da wasu sunaye, irin su Tafrodol, wanda ke ɗauke da tapentadol, ɗan uwan tramol da ya fi shi ƙarfi. Sauya suna bai sauya dangi ba.

Ciwo biyu ne, ba ɗaya ba

A nan ne amsar tambayar manomin nan take, don haka za mu ɗan dakata.

Idan mutum ya yi makonni yana shan tramol kullum, jikinsa yakan saba. Ƙwaya ɗaya da ke isarsa da, yanzu ba ta isa, sai biyu. Daga nan jiki ya koma ba ya zama daidai sai da ita. Ranar da bai sha ba, kafin kwana ya zagayo, sai hamma, da zufa, da majina, da murɗar ciki, da zawo, da rashin barci, da faɗuwar gaba, da ciwon gaɓoɓi. Kuma da yake baya ne wurin da ya saba yi masa ciwo, a nan zai fi jin abin. Sai ya ce: "Kun gani? Ciwona ya dawo, ba ni iya rayuwa sai da magani." Ya sha, cikin awa guda ya warware, ya ƙara gaskata maganarsa.

Alhali ciwon da ya ji a ranar, mafi yawansa ba na baya ba ne, na rashin ƙwayar ne. Ƙwayar ce ta haifar da shi, ita ce kuma take kwantar da shi, mai tebur yana karɓar kuɗi a tsakani. Alamar da za a gane shi da ita: ciwon baya na asali ba ya zuwa da hamma da majina da zawo. Kuma ciwon rashin ƙwaya yana da iyaka. Yakan tsananta a kwana na biyu da na uku, ya fara sauka cikin mako guda ko fiye kaɗan, ko da yake rashin barci da ɓacin rai na iya jan makonni. Abokinmu, duk sau biyun da ya bari, a kwana na uku ya koma, wato daidai lokacin da abin ya kai ƙarshen tsananinsa.

Akwai kuma wani abin mamaki da likitoci suka tabbatar: daɗewa ana shan irin waɗannan magunguna na iya sa jijiyoyi su ƙara saurin jin zafi, har abin da ba ya damun mutum a da ya koma yana damunsa.

Shin ma yana maganin baya?

An gwada. A Amurka, a birnin Miniyafolis, an ɗauki tsofaffin sojoji 240 masu daɗaɗɗen ciwon baya, ko na gwiwa, ko na kwatangwalo, aka raba su gida biyu. Gida ɗaya aka ba su morfin da danginsa masu ƙarfi, ɗaya gidan aka fara musu da parasetamol da irin su ibuprofen. Bayan wata 12, a sakamakon da aka bayyana a 2018, masu shan magani mai ƙarfi ba su fi sauran iya aiki ba, zafin da suke ji ma ya ɗan ɗara na sauran, kuma illolin magani sun fi yawa a wajensu. A watan Disamba na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da jagora a kan ciwon baya da ya wuce wata uku ba tare da wata cuta a ƙarƙashinsa ba, ta ce kada a riƙa ba masu shi magungunan dangin ofiyom. Amurka ta riga ta ɗanɗana kuɗarta: a 2021 kaɗai mutum wajen 80.000 suka mutu a can sanadin wannan dangi na ƙwayoyi.

Namu tramol ɗin yana da tasa illar ta musamman, wato farfaɗiya. Saurayi lafiyayye ya faɗi yana jijjiga a gona ko bisa babur, a ce iska ce ta taɓa shi. Idan kuma aka haɗa shi da giya ko ƙwayar barci irin diyazepam, numfashi na iya tsayawa cikin barci.

Kafin komai, a je likita

Cikin masu ciwon baya goma, wajen tara ba a samun wata mummunar cuta a jikinsu. Amma akwai na goman. Idan ciwon baya ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko zufar dare, ko tari mai daɗewa, ko wani ƙusumbi ya fara fitowa a gadon baya, yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashi, kuma yana warkewa in an fara magani da wuri. Idan ƙafa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, ko fitsari ya tsaya, ko yana zuba ba a sani ba, wannan ba a kwana da shi, asibiti za a nufa a ranar. Haka wanda ya faɗo daga itace ko amalanke, da mai fitsarin jini, da mace mai ciki. Babban laifin tramol a nan shi ne rufe bakin ciwo, har cutar ta yi nisa ba a sani ba.

Yadda ake bari

Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya. A hankali ake ragewa, kamar kashi ɗaya cikin goma kowane mako, ga wanda ya shekara yana sha kuwa ko da kowane wata ne. Wannan aiki ne na ma'aikacin lafiya, domin ƙwayar kasuwa ba ta da tabbas: abin da aka rubuta a kati ba lalle ne shi ke ciki ba. A tafi da katin, a faɗi gaskiyar adadin da ake sha. Mun san akwai kunya, amma majo ya ga irinku da yawa.

A zaɓi lokaci. Bayan an kai amfanin gona rumbu ya fi, ba tsakiyar noma ba. A sanar da mutum ɗaya a gida, mata ko ƙane ko amini, wanda zai san cewa faɗan da ake yi da rashin barcin na ɗan lokaci ne.

Ga gargaɗi mai nauyi. Wanda ya bari na wasu makonni, jikinsa ya manta da sabon da ya yi. Idan ya koma ya sha adadin da yake sha a da, wannan adadin na iya kashe shi.

To, da me za a zauna?

Ba za mu yi muku alkawarin ƙarya ba. Bayan da ya shekara goma yana ciwo, da wuya ya koma kamar na yaro. Abin nema shi ne bayan da ke ɗan ciwo amma yana aiki, mai shi kuma yana cikin hankalinsa.

Da ana cewa mai ciwon baya ya kwanta ya huta. Yanzu an gane kwanciya ta kwana da kwanaki ƙara sandarar da baya take yi, tsoka kuma ta yi rauni. Ranar da ciwo ya tashi, a rage aiki, amma a riƙa tashi ana takawa. Jin zafi lokacin motsi ba ya nufin wani abu na karyewa a ciki.

Idan muka yi maganar motsa jiki, ɗalibai sukan yi dariya su ce: "Mu da muke wuni a gona?" Gaskiyarsu, sai dai wuni a duƙe da kalme ba motsi ba ne ga baya, tsayuwa ce wuri ɗaya. Abin da baya ke so shi ne sauyi. In an kai ƙarshen kunya, a miƙe, a dafa ƙugu, a ɗan lanƙwasa baya ta baya sau uku ko huɗu kafin a juyo. Inda ƙasa jigawa ce, hauyar tsaye mai doguwar ƙota ta fi kalme sauƙi ga ƙugu. Da safe kafin a bar shimfiɗa, a kwanta rigingine, a jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, a saki, sau goma. Buhu mai kilo 100 a raba shi biyu, ko a kama shi mutum biyu. Wanda ya yi muku dariya ba shi zai kwana da ƙugunku ba. In za a ɗaga kaya, a matso da shi jikin mutum, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu. Mata masu daka da jan wasaki a rijiya su riƙa karɓa-karɓa, kuma mai gida ya sani kuɗin kai hatsi injin niƙa bai kai kuɗin ƙwaya ba.

Gashi da tsumma da ruwan ɗumi yana taimakawa, tausa da man kaɗanya ma haka. Ɗamarar da wasu ke ɗaurewa a ƙugu wuni guda, OMS ba ta goyi bayanta ba. Tsaga da askar da aka yi wa wani aiki da ita kuwa hanya ce ta ciwon hanta da sida.

Idan ciwo ya tsananta, akwai ibuprofen ko diklofenak na ƴan kwanaki, bayan cin abinci, tare da shan ruwa sosai, musamman a bazara. Su ma ba goro ba ne da za a ci kullum: suna cin ciki, suna taɓa ƙoda. Mai gyambon ciki, da mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, da tsoho, kada su sha sai da izinin likita. Parasetamol ya fi su sauƙin illa, ko da yake ƙarfinsa a kan baya kaɗan ne. Babba ba ya wuce ƙwaya 8 masu miligram 500 a yini da kwana.

Damuwa da rashin barci suna ƙara zafi. Duk wanda ya taɓa kwana da tunanin bashi ya san ƙugunsa ya fi ciwo da safe. Wannan ba ya nufin ciwon na ƙarya ne.

Ranar jarrabawa

Mun lura ba a cika komawa ga tramol a lokacin sanyi ba. Ana komawa ne idan ruwa ya sauka, haki ya taso, gona ta fi ƙarfin hannu; ko a wurin ƙwadago inda ake biya bisa yawan aiki; ko a wajen biɗa, inda abokan ɗaki duk suna jefa ta cikin shayi. A nan ba ciwo kaɗai ke kira ba, har da son ƙarfin aro. Saboda haka tun rani ake shiri. A daidaita faɗin gona da hannuwan da ke gida. A nemi gayya tun da wuri. A fita da sanyin safiya, a huta da rana, a koma da la'asar. A shirya amsar da za a ba mai miƙo ƙwaya, gajeruwa, wadda ba ta buɗe ƙofar gardama: "Likita ya hana ni." Kuma a sauya hanyar zuwa kasuwa idan ta bi ta gaban teburin da aka saba.

Mun roƙi malaman cibiyoyi su sa wannan cikin darasin lissafi: kowa ya rubuta kuɗin ƙwayar da ake sha a yini a garinsu, ya ninka sau 30, sannan sau 12, ya duba tiya nawa ta hatsi kuɗin za su saya. Shi kuwa manomin da ya yi mana tambaya, mun shawarce shi ya kai katinsa gidan likita na kusa da su ranar kasuwa, ya nuna wa majo lambar da ya karanta, ya roƙi a duba bayansa kafin a tsara masa yadda zai rage.