Ɗan Kasuwa Da Karatun Akanta: Abin Da Littafin Aljihu Ba Ya Nunawa

A kasuwanninmu na bakin iyaka, daga Gallabat mai kallon Metema ta Habasha har zuwa Kassala, idan yaro ya ce zai je jami'a ya karanta akanta, uba yakan ce: "To, wane lissafi za a koya maka wanda ban iya ba?" Tambaya ce mai ma'ana, domin mu Hausawa fatake ne tun kafin wasu kakanninmu su sauka a Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma littafin bashi bai taɓa barin aljihunmu ba.

Sai dai karatun ya wuce tarawa da ɗebewa. A Jami'ar Khartoum, da Jami'ar Nilain, da Jami'ar Musulunci ta Umdurman, da Ahfad ta mata, ɗalibin fannin kasuwanci yakan fara da tattalin arziki da ƙididdiga da dokokin ciniki, kafin ya shiga akanta gadan-gadan. Ginshiƙinta shi ne rubuta kowace ma'amala sau biyu, wato inda dukiya ta fito da inda ta shiga, ta yadda idan ɓangarorin ba su yi daidai ba, kuskure zai tona kansa. Wani Ba'italiye mai suna Luca Pacioli ne ya wallafa bayanin wannan tsari a 1494. Darasi na biyu kuwa ya fi yi mana zafi: kuɗin rumfa daban, kuɗin cefane daban.

Ga misalin inda ilimin ke ceton jari. A ce ɗan kasuwa ya sayi buhun riɗi 100 a Gadarif, kowane a kan fam 10,000, ya sayar a kan 13,000. Littafin aljihu zai ce masa ya ci ribar 300,000. Da ya koma sari sai ya tarar buhu ya kai 15,000, kuɗinsa kaf buhu 86 kawai za su saya. Kuɗi sun ƙaru a hannu, amma buhu 14 sun tafi. Idan kuma ya riga ya yi hidimar biki da abin da ya ɗauka riba ce, to uwar kuɗi ya ci. Wannan ba tatsuniya ba ce a Sudan: a Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa kimanin 375 a kan dala, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 300 cikin 100 a wannan shekara.

Hatta sunan kuɗin ya sha canzawa. A 1992 dinari ya maye gurbin fam, a 2007 kuma sabon fam ya zo a kan dinari 100, wato tsohon fam 1,000. Shi ya sa dattijo ke cewa miliyan alhali dubu yake nufi. Bashin da aka rubuta ba kwanan wata, ba nau'in kuɗi, rigima ce aka ajiye wa magada.

Bugu da ƙari, bankunanmu na bin tsarin Musulunci, don haka ɗalibi yakan koyi lissafin murabaha da mudaraba da salam. Yakan koyi fitar da zakkar kayan ciniki: a ƙimanta hajar da ke rumfa, a haɗa da kuɗin hannu da bashin da ake sa ran karɓa, a fitar da kashi 2.5 cikin 100. Ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ita ma kan rubuta bashi take magana.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe jami'o'in babban birni, ya tarwatsa iyalai daga Sahafa har Umdurman, aka wawashe kasuwanni. Wanda bashinsa ke rubuce, da shaida, ya samu abin nunawa. Wanda ya riƙe a ka, sai rantsuwa.

Don haka, Alhaji, idan yaro ya dawo hutu, a miƙa masa littafin rumfa na shekara guda, ya raba jari da riba da kuɗin gida. Shi kuma yaro ya sani jami'a ba ta koyar da gane abokin ciniki mai amana. Wannan a gaban uba ake koyonsa. Allah Ya sa albarka a nema.