Hasashen Hadari Mai Iska da Ƙanƙara a Ƙasar Kusada da Kankia

Hadarin da ke yaye kwanon rufi a Mawashi da sauran garuruwan Kusada da Kankia kusan kullum daga gabas yake haɗowa, kuma ya fi ɓarna a farkon damina, wajen watan Mayu da Yuni. A lokacin iska iri biyu ke haɗuwa a sararin Katsina. Ta ƙasa mai laima ce, daga tekun Atlantika take busowa ta kudu maso yamma, busasshiyar iskar Sahara kuma tana samanta. Can a tsayin kilomita 3 zuwa 4 akwai wata iska mai gudu daga gabas zuwa yamma, ita ke kora hadarin.

Idan rana ta gasa ƙasa, sai iska mai laimar ta yi sama ta zama gajimare, wanda ƙololuwarsa kan kai kilomita 15. Gizagizan sukan jeru su yi sahu mai tsawon ɗaruruwan kilomita, suna tafiyar kamar kilomita 50 a awa. Irin wannan hadari ne ke kawo mafi yawan ruwan da gero da dawa ke sha a yankin Sahel, shi ya sa manomi ke tsoronsa kuma yake roƙon zuwansa.

Iskar da ke ɓarnar daga cikin hadarin take fitowa. Ruwan da ya fara zubowa yakan ratsa busasshiyar iska, wani sashensa ya ƙafe tun bai iso ƙasa ba. Ƙafewar tana sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta rikito, ta bazu a gaban hadarin. Ita ce iskar nan mai sanyi da ke riga ruwa isowa, jar ƙura na gabanta, ta kayar da danga da rumfunan kasuwa, ta karya reshen darbejiya, ta ɗaga kwanon da ƙusarsa ta saki. A watan Agusta, da sararin sama ya jiƙe, ruwa ya fi yawa amma ƙarfin iskar yakan ragu.

Ƙanƙara kuwa tana samuwa ne idan iskar da ke hawa ta ɗauki ɗigon ruwa ta wuce da shi kilomita 5, inda yake daskarewa. Yawancinta kan narke a hanya saboda zafin ƙasar, don haka an fi ganinta a tudun Jos. Idan ta iso, a ɗan siririn wuri take sauka, ta yayyage ganyen masara a wannan gona ta bar ta maƙwabta.

Hasashen hawa-hawa ne. Hukumar NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: lokacin saukar ruwa, da ɗaukewarsa, da yawansa. Wannan yana da amfani wajen zaɓen iri, amma ba ya faɗin ranar da hadari zai taso. Na kwana ɗaya zuwa uku ya dogara da kwamfuta da awon tashoshi irin na filayen jiragen sama na Katsina da Kano. Masana kan duba yawan laima, da zafin ƙasa, da bambancin gudun iska tsakanin ƙasa da sama. Idan ukun suka haɗu, ranar ta hadari ce. Sai dai kwamfuta kan ce za a yi hadari a Arewa maso Yamma, ta kasa tantance Kusada zai faɗa wa ko Ingawa.

Mafi inganci shi ne na 'yan awoyi. Tauraron ɗan'adam na Meteosat yana aiko hoton Afirka duk minti 10 zuwa 15, ana auna sanyin saman gajimare, kuma wanda ya fi sanyi ya fi tsawo da haɗari. Hadarin da aka gani a sararin Haɗeja da la'asar, mai yiwuwa ya iso Mawashi cikin awa huɗu zuwa biyar. Wannan tazara ta isa a ɗaure dabbobi, a kwashe shanya, a kira yara daga gona, in dai labarin ya iso ta rediyo ko waya. Nan ne raunin yake, domin gargaɗin kan tsaya a intanet da Turanci.

Alamomin da mutanen karkara suka sani ba su saɓa wa kimiyya ba. Zuwan shamuwa yana tafiya ne da shigowar iska mai laima, zufar da ke hana barci ita ce laimar da ake aunawa, walƙiya ta gabas bayan magariba kuma sahun hadarin ne tun yana nesa. Ana ma iya auna nisansa: duk daƙiƙa 3 tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa kimanin kilomita 1 ne.

Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya nuna yawan aukuwar hadari mafi tsanani a Sahel ya ninka sau uku. Masu binciken sun danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara, wanda ke ƙara wa iskar gabas ƙarfi.