Firinta Ɗaya Ta Ishi Makaranta

Makarantunmu na zango da dama suna tara kuɗi don sayen kwamfuta. Iyayen yara suna bayarwa, 'yan kasuwa suna bayarwa, 'yan'uwanmu na ƙetare su ma suna aiko da nasu. Sai dai mu malamai mun lura da wata kafa da kuɗin ke zurarewa. Ofishin hedimasta yana son firintarsa, ɗakin malamai yana son tasa, akawu ma haka. Alhali kuwa in an haɗa kwamfutocin da waya, firinta ɗaya ta wadatar da kowa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1973 wani injiniya mai suna Robert Metcalfe, a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Kalifoniya a Amurka, ya fito da hanyar haɗa kwamfutoci da ake kira Ethernet. Cikin dalilansa akwai wata sabuwar firinta mai sauri da tsada da suka ƙera, wadda ba zai yiwu a ajiye wa kowane ma'aikaci tasa ba. A 1985 kamfanin Apple ya fitar da firintar LaserWriter a kan dala 6,995, bayan kwamfutarsa Macintosh ta fito a 1984 a kan dala 2,495. Wato firintar ta kusan ninka kwamfutar sau uku. To, in mutum goma suka yi tarayya a kanta, kowa ya tashi da kimanin dala 700. Lissafin ɗan firamare ne.

Yau farashin firinta ya sauko ƙwarai, amma tawada da gyara suna nan suna cin aljihu. Firinta huɗu, tawada huɗu ke nan, kuma wadda ba a cika amfani da ita ba tawadarta bushewa take yi a banza. Haka kuɗin intanet: layi ɗaya sai ya zagaya ɗakuna. Tambayoyin jarrabawa da sakamakon yara kuma a tara su a kwamfuta ɗaya, kowane malami ya buɗe daga teburinsa.

Kayan haɗin ba su da yawa: ƙaramin akwati da ake kira suwic, sai wayoyi, kowace kada tsawonta ya wuce mita 100.

Amma duk wanda ya zauna gidan haya mai famfo ɗaya ya san ranar da famfon ya lalace, gidan gaba ɗaya ne ke fita da bokiti. In firintar ta tsaya ana gobe jarrabawa, makaranta ce ta tsaya. Cutar kwamfuta ma in ta kama ɗaya tana iya bin waya ta kama sauran. Saboda haka muna ba kwamitin iyaye shawara: cikin rarar da aka samu a ware kuɗin gyara, a sayi sitabilaiza saboda wutarmu mai hawa da sauka, sannan a damƙa kulawar a hannun malami ɗaya, a rubuta sunansa a littafin taro.