Aikin Rakiya: Yadda Wanda Ya Daina Shaye-shaye Ke Riƙe Hannun Mai Son Dainawa

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da fahimtar cewa wanke jikin mai shaye-shaye daga ƙwaya shi ne ɓangare mafi gajarta a jinyarsa, domin cikin makonni kaɗan zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da rashin barcin da ke biyo bayan dainawa sukan lafa, amma doguwar jinyar tana farawa ne ranar da aka sallame shi ya koma unguwarsu, inda majalisar da ya saba zama da kemis ɗin da ya saba saye da abokan da suka saba miƙo masa duk suna nan yadda ya bar su. Wannan giɓi ne ya sa tsarin kiwon lafiya a ƙasashe da dama ya shigo da wani ma'aikaci na daban, wato mutumin da shi kansa ya taɓa faɗawa shaye-shaye, ya daina, ya daɗe a kan dainawar, sannan aka ba shi horo domin ya riƙa tafiya tare da masu neman fita. Sunan da ya fi dacewa da shi a Hausa shi ne mai rakiya, saboda ba shi ne mai ba da magani ba, shi dai ya san hanyar ne da wuraren da ake tuntuɓe a cikinta.

Girman matsalar ya wuce abin da asibitoci za su iya ɗauka su kaɗai. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a watan Janairun 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, kuma kusan miliyan 3 daga cikinsu abin ya riga ya zame musu cuta. Kano ce ke kan gaba a arewa maso yamma da kashi 16 cikin ɗari, Jigawa kuwa tana can ƙasa da kashi 7, sai dai wannan ƙaramin kaso na nufin mutum fiye da dubu 200, adadin da babu gadajen da za su ɗauke shi. A shekarar 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalbar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, kuma ko da wannan lissafi yana da ƙarin gishiri, rahoton da BBC ta fitar a ƙarshen Afrilun 2018 ya girgiza jama'a har gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a farkon watan Mayu. Haramcin ya rage kwalba a kasuwa, amma bai taɓa dalilin da ke sa mutum neman ta ba. A Birnin Kudu da Gwaram na jihar Jigawa, inda noma da ƙwadago da acaba da dako a kasuwanni irin ta Sara ke ciyar da gidaje, matasa da yawa ba don nishaɗi suke fara shan tiramol ba, don ƙarfin aiki ne, sai bayan watanni su tarar ba sa iya tashi daga shimfiɗa sai da ita.

Birnin Kudu ta yi sa'ar samun Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga kuma kwalejin horar da ma'aikatan jinya, amma asibitocin da suka keɓanta da lafiyar ƙwaƙwalwa suna nesa, a Kazaure ko Dawanau, kuma magidanci daga Basirka ko Farin Dutse sai ya yi lissafin kuɗin mota da na magani da kwanakin gonar da zai rasa kafin ya kai ɗansa. Da yawa kan zaɓi gidan mari, kuma abin da jami'an tsaro suka tarar a irin waɗannan gidaje a Rigasa da Daura da Katsina a ƙarshen 2019, na ɗauri da sarƙa da duka da yunwa, ya isa hujja cewa tsarewa ba jinya ba ce. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar da haƙƙin majinyaci, kamar yadda tun 1991 aka sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko, sai dai ma'aikacin da ke asibitin shakatafi shi kaɗai, yana awon ciki yana rigakafi yana duba masu zazzaɓi, ba shi da lokacin bin saurayi ɗaya har gida.

Tunanin cewa masu cuta iri ɗaya su riƙe juna ya samo tsarinsa na zamani ne a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka a 1935, lokacin da mashaya giya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka lura cewa tattaunawa da juna na hana kowannensu komawa kwalba. Daga nan aka sami ƙungiyar AA ta mashaya masu ɓoye sunayensu, sannan takwararta ta masu shan ƙwaya a 1953. Musulmi ma sun daidaita tsarin da addininsu, domin an kafa Millati Islami a Baltimore a 1989, kuma Iran na cikin ƙasashen da irin waɗannan tarurruka suka fi yawa a duniya. Wani babban nazari na cibiyar Cochrane a 2020 ya gano cewa tsarin AA yana kamo, wani lokaci ma yana zarce, wasu hanyoyin da ƙwararru ke bi wajen sa mutum ya ɗore a kan barin giya. Ba sai an tsallaka teku ba ma, domin a arewacin Nijeriya an ga yadda mata masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ke raka sababbin masu ciki su riƙe shan magani, an kuma ga yadda waɗanda shan inna ta nakasa suka shawo kan iyayen da suka ƙi sauraron likita a kan rigakafi.

Ainihin aikin mai rakiya ƙananan abubuwa ne da ake maimaitawa. Yakan ziyarci wanda aka sallama cikin kwanakin farko, ya tuna masa ranar komawa asibiti, in ta kama ya hau mota tare da shi, ya kuma haɗa 'yan mutane kaɗan su riƙa zama mako-mako kowa na faɗin yadda ya kwana da ƙishin ƙwaya, wato matsananciyar sha'awar da ke taso wa mutum ko bayan ya yi watanni bai sha ba. Ƙarfinsa yana cikin abin da ya sani da jikinsa, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya san cewa ranar da aka biya kuɗin ƙwadago ta fi kowace rana haɗari, haka daren biki da lokacin yawon siyasa, ya san ƙaryar da mai sha ke yi wa mahaifiyarsa domin shi ma ya yi irinta, kuma idan saurayi ya ce masa ai rabin ƙwaya ba komai ba ne, ba zai tsaya wa'azi ba, zai gaya masa inda rabin ƙwaya ya kai shi. Wani sashe mai nauyi na aikin shi ne zama da iyali, a fahimtar da uba cewa gori da kulle ɗaki ba sa hana komawa, a kuma roƙi mai gareji ko tela ya sake karɓar yaron da ya taɓa kora, saboda wanda ya daina sha amma ya wuni a bakin titi babu abin yi bai yi nisa da inda ya fito ba.

Aikin yana da iyakar da dole a kiyaye. Mai rakiya ba ya rubuta magani, ba ya kuma umartar kowa ya yanke sha farat ɗaya, domin ƙwayoyin sa barci irin su rochi da baliyam suna iya jawo jijjiga mai kisa idan aka daina su ba tare da likita ya riƙa rage su a hankali ba. Ana koya masa gane alamun wuce kima, kamar numfashi ya yi rauni da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da sanin cewa akwai maganin da ake kira naloksan mai farfaɗo da wanda dangin kodin suka sumar, da kuma cewa wanda ya daɗe bai sha ba ya fi kowa shiga haɗari in ya koma kan adadinsa na da, saboda jikinsa ya manta juriyar. Masana na ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinya kan sake faɗawa, kwatankwacin yadda hawan jini ke dawowa, don haka komawa ba ƙarshen magana ba ce, kuma amfanin mai rakiya shi ne a gano ta cikin kwana biyu maimakon wata shida.

Batun mata ya fi tsanani. Binciken 2019 ya nuna cewa ɗaya cikin huɗu na masu sha mace ce, amma cikin masu karɓar magani ba su wuce ɗaya cikin ashirin ba, kuma dalilin a bayyane yake, domin matar aure ko budurwar da aka san tana shan maganin tari ta san abin da zai sami aurenta. Namiji ba zai shiga gida ya zauna da ita ba, sai mace 'yar'uwarta da ta taɓa shiga wannan hali.

Sirri shi ne inda irin wannan shiri ke tsayawa ko ya rushe, musamman a gari kamar Gwaram ko Babaldu inda kowa ya san gidan kowa, don haka bai kamata a rataya allo a ƙofar ɗakin taro ba, kuma mai rakiyar da ya fitar da zancen wani ko sau ɗaya ya sauka daga aikin. Ko sunan da ake kiransa da shi abin lura ne, domin kalmar tubabbe, duk da kyawun asalinta, tana manne wa mutum laifinsa na jiya a goshi. Shi kansa bai tsira daga komawa ba, saboda haka yana buƙatar ma'aikacin jinya da zai riƙa zama da shi a kai a kai, yana kuma buƙatar alawus, domin dogaro da aikin sa-kai na mutumin da shaye-shaye ya riga ya cinye masa jari zalunci ne da aka yi wa ado.

Rumfar da za a kafa aikin a ƙarƙashinta tana nan, domin mazaɓu suna da kwamitocin raya lafiya, shirin CHIPS da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya riga ya saba wa jama'a da ganin 'yan gari suna bin gidaje da saƙon lafiya, hakimai da limamai na masarautar Dutse kuma suna da bakin da zai sa uba ya yarda tsohon ɗan ƙwaya ya zauna da ɗansa. Ya rage ga hukumar kiwon lafiya a matakin farko ta jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram su zaɓi maza da mata kaɗan da suka shekara biyu ko fiye ba su sha ba, a horar da su a Birnin Kudu, a sanya su cikin kasafin kuɗi.