Gadon Zare A Ƙasar Bukkuyum

Idan aka buɗe adakar tsohuwa a Bukkuyum, ko a Anka, ko a Gummi, ba wuya a tarad da wani abu can ƙasa, an naɗe shi da kyau. Ko dai gwado ne, ko majanyin da aka goya ’ya’ya da jikoki da shi, ko kuwa ’yar hular jariri da marfin kwano waɗanda aka saƙa da kwarashi. A kasuwa ba su da wani kuɗi. Amma ran aurar da yarinya su uwa kan ɗauko ta sa cikin kayan ɗaki, ta gaya mata wadda ta yi su.

Asalin wannan gado auduga ce, gama ƙasar Zamfara ƙasar auduga ce tun kaka da kakanni. Mace ta gurje ta, ta shiɓe, ta shafa alli ga yatsa ta murza mazari, zare ya fito, mai kauri abawa, siriri arafiya. Sa’an nan a kai wa masaƙi. Kwarashi da ulu baƙi ne, zamanin Turawa suka yaɗu, amma da yake sun tarad da hannun da ya saba da zare, nan da nan suka zama ’yan gida.

To, me ya rage wannan sana’a? Jirgin ƙasa ya iso Gusau, auduga ta riƙa tafiya waje, yadin kanti yana shigowa. Cikin 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna. Daga baya gwanjo ya cika kasuwanni, har rigar sanyin yaro ta fi ulun da za a saƙa ta araha. Ba mu ga laifin uwar da ta saya ba, hunturu ba ya jiran saƙa.

Abin da ya dame mu shi ne, zane yakan tsufa, gara da asu kuwa ba su san gado ba. Dā idan majanyi ya mutu, akwai mai yin wani cikin gida. Yau a gidaje da yawa tsohuwa ɗaya ce ta rage, ran da ta kwanta dama kuwa sai gwanintar ta bi ta. Ashe gadon na gaskiya hannun ne, ba kayan ba.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta, ran darasin aikin hannu su gayyato tsofaffin gari su zauna da ’yan mata. Akawuna kuma, kowa ya sayi kwarashi da ulu ya kai wa ’yarsa, ya tura ta ɗakin kakarta tun tana da sauran gani. Allah ya sa mu bar wa na baya abin da muka tarar, amin.