Kajiji ba kacala ba ne

Duk lokacin da maganar share kacala ta taso a yankin Haɗeja da Nguru, sai ka ji wani ya ce a banka wa fadamar wuta, ko a yi mata feshi kowa ya huta, ai duk ciyawa ce. Wannan "duk ciyawa ce" ita ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Cikin abin da ake son hallakawa har da kajiji, wanda mata ke saye don haɗa turaren wuta. Ɗan gida ne, dangin aya da jiji, masana tsirrai suna kiransa Cyperus articulatus. Kara ne kore, mulmulalle, ba faffaɗan ganye irin na kacala. Ja busasshensa tsakanin yatsu, za ka ji gaɓoɓi a jere. Dukiyar kuwa a ƙasa take: saiwa mai ƙulli-ƙulli, ka kankare da farce ƙamshi ya buge ka. A bakin tafki da gefen kogi yake fitowa, inda ruwa bai da zurfi.

Can ne rigimar take. A da, ruwan fadama baƙo ne: ya zo da damina, ya yi sallama da rani, ƙasa ta sha iska. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ya zama ana sako wa fadamar ruwa har da rani. Baƙo ya zama ɗan zaune. Randar da ba a juyewa gansakuka take yi, haka fadamar da ba ta bushewa. Kacala ta samu yadda take so, ta fi tsayin mutum, ta toshe hanyoyin ruwa, ta rufe ƙananan tsirrai da inuwa, tsuntsun jan-baki ya samu masauki kusa da gonakin shinkafa.

Ƙona kacala kamar aski ne, saiwarta na nan cikin laka, za ta sake tohowa. Feshi kuma bai san kajiji ba, bai san kifi ba, ga shi ruwan nan dabbobi ke sha.

Ina jin daɗin ganin injinan yankan ciyawa a kan kogin Haɗeja. Amma na fi son in ji hukuma ta zauna da manoma, masunta da makiyaya a kan lokacin buɗe madatsun nan da lokacin rufe su.