Baro: Daga Fagen Yaƙi A Ƙasar Sin Zuwa Kasuwanninmu

Duk wanda ya shiga Kantin Kwari a Kano ko kasuwar Mile 12 a Ikko zai ga samari suna tura baro cike da kaya. Amma ƙalilan ne suka san asalinsa, ko dalilin da ya sa yake hutar da wani, ya kuma lalata bayan wani.

Masana tarihi sun nuna cewa mutanen ƙasar Sin ne suka fara barin shaidar amfani da shi. An sami zanen mutum yana tura baro a wani kabari da ke Chengdu, wanda aka gina a shekarar 118 Miladiyya. A shekarar 231 kuma, waziri Zhuge Liang ya yi amfani da wani abin turawa da ake kira "sa na katako" wajen kai wa mayaƙansa abinci ta hanyoyin duwatsu.

Baron da ya shahara a Sin yana da babbar taya guda a tsakiya, ana ɗora kaya dama da hagunta. Ta haka tayar ce ke ɗauke da kusan dukan nauyin, aikin mutum shi ne turawa da hana shi karkacewa. Har mutane akan ɗauka a kai, wasu ma sukan kafa masa filafilai irin na jirgin ruwa domin iska ta taimaka.

A Turai kuwa bai bayyana ba sai tsakanin 1170 da 1250, kuma tayarsa a gaba take. Irin wannan ne ya iso gare mu. Ya fi dacewa da gajeren zango da juye yashi ko siminti a wurin gini, sai dai mai turawa yana raba nauyin da tayar. A 1974 Baturen Ingila James Dyson ya fito da wani mai ƙwallo maimakon taya, don kada ya nutse a taɓo.

To, a nan ne darasin yake. Idan aka ajiye buhu mai kilo 100 a tsakiya, tsakanin taya da mariƙi, kilo 50 ne zai hau hannun mai turawa. Idan aka matsar da shi gaba, zuwa rubu'in wannan tazara daga tayar, kilo 25 kawai zai ɗauka. Saboda haka kaya mai nauyi a gaba ya kamata a sa shi, a ɗaga da ƙarfin gwiwa maimakon sunkuyar da baya.

Mai saye kuma ya duba hanyarsa. Tayar iska ta fi taushi a gargada amma takan yi faci, ta roba zalla ba ta pashewa amma tana jijjiga hannu. Masu walda da ke ƙera baro su ma su matso da taya ƙarƙashin kwanon, domin lafiyar bayan ɗan dako ita ce jarinsa.